Tambayoyi da Amsoshi kan Gyaran Tsofaffin Kubobin Ƙofa da Ƙera Kayan Cikinsu a Gida

An tanadi waɗannan amsoshi ne domin wanda ke da tsohuwar kuba a jikin ƙyaure, wani abu ya karye ko ya cinye a cikinta, kuma ya nemi madadinsa ya rasa saboda kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da rufewa. Ƙa'ida ɗaya ce ta ratsa amsoshin duka: sabon abin da aka ƙera shi ne zai bi tsohuwar kuba, ba a sassaƙe tsohuwar kuba domin ta karɓi sabon abu.

Wace irin kuba ce a hannuna, kuma me ya sa sai na san irinta kafin in taɓa ta?

Ta fuskar yadda ake ɗaura su, tsofaffin kubobi iri biyu ne. Akwai wadda ake ɗaurawa a bayan ƙyaure, akwatinta a fili ana ganinsa, akwai kuma wadda ake fafe gefen ƙyauren a cusa ta ciki, ba a ganin komai nata sai farantin gabanta. Ta fuskar yadda suke aiki kuwa, mafi tsufa ita ce mai shingaye, wadda a cikinta aka kafa wasu 'yan ƙarafa da ke tare duk mabuɗin da yankansa bai dace da su ba. Sai mai liba, wato 'yan farantan ƙarfe masu tare sakata sai mabuɗi ya ɗaga su, wadda Robert Barron ya inganta a Ingila a 1778 ta yadda dole mabuɗi ya ɗaga kowace liba zuwa daidai tsayin da aka ƙayyade, kada ya gaza kada kuma ya wuce, kafin sakata ta motsa. Jeremiah Chubb ya ƙara mata dabarar gano wanda ya yi ƙoƙarin buɗe ta da wani abu dabam a 1818. Kuba mai ƙananan fil da siririn mabuɗi, irin wadda ta cika duniya a yau, ta bazu ne bayan aikin Linus Yale ƙarami a shekarun 1860.

Amfanin sanin wannan shi ne yana nuna inda kuskure ke da tsada. A kuba mai shingaye, ratar rabin milimita ba ta cika hana aiki ba. A mai liba, wannan ratar kanta tana iya hana sakata fita gaba ɗaya. Sunan kamfani ma yana da amfani, domin kubar da ta fito daga garin Willenhall na Ingila da wadda kamfanin Corbin ko Russell & Erwin suka ƙera a New Britain ta jihar Connecticut a Amurka ba ma'auni ɗaya suke bi ba wajen sukurori da sandar mariƙi.

Mene ne ya fi yawan lalacewa a ciki?

Sifirin ne kan gaba, nesa ba kusa ba. Idan harshen kuba, wato ƙarfen da mariƙi ke janyewa ciki, ya daina komawa waje da kansa, ko mariƙi ya langaɓe, kusan kullum sifirin ne ya karye ko ya zame daga mazauninsa. Bayansa sai cibiya, wato ƙarfen nan mai rami mai kusurwa huɗu wanda sandar mariƙi ke ratsawa, domin shekaru da yawa na murɗawa suna cinye kusurwoyin ramin har sanda ta riƙa juyawa a banza. Sai ƙananan sukurorin da ke riƙe mariƙi a jikin sanda, waɗanda kan ɓace, sai kuma mabuɗi. Sakata da libobi ba su cika karyewa ba sai idan an taɓa ɓalle ƙofar da ƙarfi.

Ya kamata a faɗi cewa kubobi da yawa da ake zaton sun lalace ba abin da ya same su illa busasshen mai, ƙura da fenti da suka daskare a ciki. A wanke tukuna kafin a yanke hukuncin ƙera wani abu.

Dole ne sai ina da injin sassaƙar ƙarfe?

Ba dole ba ne. Yawancin kayan cikin tsohuwar kuba shimfiɗaɗɗu ne, kuma magagarai masu kyau iri-iri, da bayis mai riƙe aiki da ƙarfi, da zarton ƙarfe, da siririn zarto irin na maƙeran zinariya, da injin huda mai tsayuwa sun isa a ƙera liba, sifirin, harshe, har da mabuɗi. Waɗanda suka ƙera kubobin farko da hannu da magagari suka yi aikinsu. Injin da ke juya ƙarfe ana fiƙe shi yana zama dole ne idan abin da ake so kewayayye ne, kamar cibiya, bushin (zoben da ake cusawa a rami domin wani abu ya juya a cikinsa), sukuru mai baƙon tiredi (wato zaren da aka yanka a jikinsa) ko jikin mabuɗi, kuma ƙaramin inji na kan tebur ya wadatar. Injin milin, wanda bakinsa ke juyawa yana sassaƙar ƙarfen da aka ɗaure, yana rage wahala wajen yanka tsagi madaidaici, amma wanda zai gyara kuba biyu ko uku kacal ba shi da dalilin sayensa.

Abin da ba a yi ba tare da shi ba shi ne ma'auni. Baniya, wato ma'aunin kauri da zurfi mai zamewa, mai karanta 0.02 na milimita, da ma'aunin tiredi sun fi kowane inji muhimmanci a wannan aiki.

Yaya ake buɗe ta a tsabtace ba tare da an yi ɓarna ba?

A kwantar da kubar a kan tebur, murfin yana sama, a kwance sukurun murfin a ɗaga shi a hankali da yatsa a danne a kai, domin sifirin da ke ɗaure yana iya tsalle ya ɓace. Kafin a cire komai a ɗauki hoto, sannan a sake ɗauka bayan cire kowane abu. Libobi musamman a jera su yadda suka fito, saboda idan tsarinsu ya sauya mabuɗin ba zai ƙara buɗewa ba, ko da kuwa kowace liba lafiyarta ƙalau.

Kananzir da tsohon buroshi suna narkar da busasshen mai. Fenti kuwa yana saki idan aka dafa ƙarfen a ruwa da ɗan sabulu na wasu sa'o'i a tukunyar da ba za a ƙara girki da ita ba. Wannan hanya ta fi kankarewa da sanfefa, domin tsohon fenti sau da yawa yana ɗauke da dalma (sai a 1978 Amurka ta hana amfani da shi a gidaje), kuma ƙurarsa guba ce. Abubuwa biyu ne ba a so su daɗe a jikin tagulla: ruwan tsami irin su binega, wanda ke janye tutiyar da ke cikinta ya bar ta ja-ja kuma ba ƙarfi, da sinadarin amoniya, wanda ke sa tagullar da aka lanƙwasa ko aka buga ta tsattsage. Duhun da tagulla ta yi saboda tsufa ba datti ba ne, kuma masu tara kayan tarihi suna rage darajar kubar da aka goge ta har ta yi ƙyalli.

Yaya zan auna abin da ya riga ya cinye, ko wanda babu shi gaba ɗaya?

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren mai sauƙin fahimta ne: mutum ya ɗauki tsohon abu, ya auna shi da kyau, ya ƙera sabo daidai da shi, sai ya tarar ya kwafo lalacewar tare da siffar. Tsohon abu yana nuna siffa ne kawai. Girman gaskiya yana wurin da abin ke zama. Idan cibiya ce, a auna ramin akwati da na murfi inda take juyawa, a auna zurfin da ke tsakanin ƙasan akwati da murfi idan an rufe, a kuma auna nisan da harshe ke bukatar tafiya kafin ya shige ciki sarai. Daga waɗannan ne ake fitar da girman sabuwar.

A jikin tsohon abin ma akwai wuraren da ba su taɓa gogar komai ba, inda har yanzu ake iya ganin sawun magagarin maƙerin farko ko fatar zubi. Waɗannan wurare su ne abin dogaro wajen kauri da faɗi. Idan kuwa abin ya ɓace ne, akwatin yakan riƙe shaidarsa: wani layi mai sheƙi da ya zana a ƙasa lokacin da yake motsi, ko wani turke da ya cinye ta gefe ɗaya, ko wani gurbi da babu komai a cikinsa. Daga wannan sawu ana iya gane tsawon abin da iyakar juyawarsa.

Kafin a taɓa ƙarfe, yana da kyau a yanka samfuri da kwali mai ƙarfi ko roba, a saka shi a gwada motsin. Sannan a yanka ƙarfen da ɗan ƙari, a shafa masa baƙin alƙalami, a haɗa, a motsa, a buɗe a duba inda baƙin ya goge, a rage wannan wurin kaɗai. Za a maimaita haka sau da yawa, kuma babu gajeriyar hanya. Kowane gwaji a yi shi da murfi a rufe, domin abin da ke tafiya lafiya a buɗaɗɗen akwati yana iya cijewa da zarar an ɗaure sukuru.

Da wane ƙarfe ya kamata a ƙera sabon abin?

Da irin wanda aka yi na farko, in dai an gane shi. Maganaɗisu yana raba baƙin ƙarfe da tagulla nan take, har da wanda aka yi wa rufin tagulla a sama kawai. Tagulla mai sauƙin yanka, wadda ake sayarwa da lambar C360, tana da jan ƙarfe wajen kashi 61 cikin ɗari, da dalma wajen kashi 3, sauran kuma tutiya, kuma ita ce ta fi daɗin aiki a ƙaramin inji. Ta dace da cibiya, liba, harshe da bushin. Ba ta son lanƙwasa dai, tana karyewa, don haka abin da za a tanƙwara a nemi tagullar da ba ta da dalma. Sandar mariƙi da sukurori kuwa ƙarfe mai taushi na yau da kullum ya ishe su.

Jarabar da ke kama masu inji ita ce su ce bari su yi abin da ya fi na asali ƙarfi, su ɗauko ƙarfe mai tauri ko wanda ba ya tsatsa. Wannan ba gyara ba ne. Duk inda ƙarfe biyu ke goga juna, mai taushin ne ke cinyewa, kuma idan sabon abu ya fi tauri to tsohon akwati ko tsohuwar sakata ce za ta biya, alhali su ne ba su da madadi. Gara sabuwar cibiya ta cinye bayan shekaru a sake ƙera wata.

Wajen huda tagulla, bakin dirili na yau da kullum yakan cafke aikin ya fizge shi lokacin da zai ɓulla. Ana maganin haka ta ɗan dakushe kaifin bakin da dutsen wasa, kuma a ɗaure aikin a bayis, kada a riƙe da hannu.

Yaya ake yin sabon sifirin?

Idan na waya ne, wayar sifirin da ake sayarwa ta riga ta taurara, lanƙwasa ta kawai ake yi a sanyi a kan wata sanda da ta ɗan fi ƙanƙanta da zagayen da ake so, domin tana ɗan warwarewa idan an saki. Idan shimfiɗaɗɗe ne, hanya mafi sauƙi ita ce a sami ƙarfen sifirin da aka riga aka gasa, mai launin shuɗi, kamar na tsohon agogon bango, a yanka daidai faɗi. Wannan yana karɓar lanƙwasa mai laushi amma yana karyewa a kusurwa mai kaifi.

Inda siffar ke da ƙugiya ko lanƙwasa mai tsanani, sai a yi aikin wuta. A sami ƙarfe mai yawan kabon, irin mai lamba 1075 ko 1095, a tausasa shi ta hanyar gasa shi ya yi ja a bar shi ya huce a hankali, a ba shi siffar da ake so. Sannan a sake gasa shi har ya yi ja sosai, wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyas. Alamar an kusa ita ce maganaɗisu ya daina kama shi, abin da ke faruwa a wajen digiri 770. A tsoma shi cikin mai nan take. A wannan mataki ya yi tauri amma yana karyewa da taɓawa kaɗan, saboda haka sai a goge shi ya yi fari a ɗora a kan farantin ƙarfe ko cikin yashi mai zafi, a zuba ido ga launinsa: zai fara da ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, ya koma shunayya, sannan shuɗi a wajen digiri 300. A nan ake sauke shi. Wanda ya sa siririn sifirin kai tsaye cikin harshen wuta zai ga bakinsa ya wuce shuɗi tun tsakiyarsa ba ta fara sauya launi ba.

Kauri ya fi komai tasiri. Ƙarfin shimfiɗaɗɗen sifirin yana ƙaruwa ne da kaurinsa sau uku a jere, wato idan aka ninka kauri biyu taurinsa zai ninka takwas. Sifirin da ya yi ƙarfi da yawa yana sa mabuɗi nauyi, yana kuma cin libobi da cibiya, don haka idan ana shakka tsakanin kauri biyu a ɗauki sirantaccen.

Yaya ake fitar da rami mai kusurwa huɗu a cibiya?

A fara auna sandar, domin ba girma ɗaya suke ba. Tsofaffin na Amurka da yawa 9/32 na inci ne, wato kimanin milimita 7.1, na Birtaniya sukan zama 5/16 na inci, kusan milimita 7.9, na Faransa milimita 7, yawancin sauran Turai kuma milimita 8. A huda rami kewayayye wanda ya ɗan gaza faɗin sandar, a zana murabba'in a fuska biyu, a fitar da kusurwoyin da ƙaramin magagari mai kusurwa huɗu ko uku, ana juya aikin ana shiga ta kowane gefe domin kada ramin ya yi baki faɗi ciki tsuke. A tuna cewa daga kusurwa zuwa kusurwa murabba'in milimita 8 ya kai milimita 11.3, saboda haka dole jikin cibiyar ya bar isasshen nama bayan wannan. A lura kuma da yadda murabba'in ya fuskanci hannuwan cibiyar, domin a wasu kubobi a tsaye yake, a wasu kuma a karkace yake kan kusurwa, kuma kuskure a nan yana barin mariƙi a jirkice.

Idan jikin tsohuwar cibiya lafiya yake, ramin kaɗai ya cinye, ana iya faɗaɗa shi a dasa sabuwar tagulla da dalmar azurfa, wato haɗin ƙarfe mai azurfa da ake narkarwa a liƙa ƙarafa da shi, sannan a fitar da sabon rami a cikinta. Wannan ya fi adana asali.

Me ya sa sukurun zamani ke shiga zagaye biyu ya cije?

Domin tiredinsa dabam ne, kuma matsa shi da ƙarfi yana kashe ramin. Joseph Whitworth ya fito da ma'aunin tiredi na Ingila a 1841 da kusurwar digiri 55, William Sellers ya kawo na Amurka a 1864 da digiri 60, ƙananan sukurorin Birtaniya masu alamar BA kuma digiri 47.5 suke. Kafin waɗannan su zama ruwan dare, har ma bayan haka, masana'antu da yawa nasu tiredin suke yankawa. Misali ɗaya ya isa: sukurun M6 yana da kaurin milimita 6 da tazarar milimita 1 tsakanin zare da zare, shi kuwa na kwatan inci mai zare 20 yana da kaurin milimita 6.35 da tazarar 1.27. A ido kamar ɗaya suke.

Idan akwai sauran sukuru ɗaya na asali, a auna shi da maikiromita, wato ma'aunin kauri mai sukuru, da ma'aunin tiredi. Idan babu, a fiƙe itace mai taushi a murɗa shi cikin ramin, zai fito da sawun zaren a ƙirga. In an dace da sanannen ma'auni, ana samun abin yanka tiredinsa. In ba a dace ba, a yanka shi a inji. Sake yanka ramin ya koma na zamani shi ne mataki na ƙarshe, sai tiredin asali ya mutu sarai.

Akwatin ya tsage, za a iya yi masa walda?

Yawancin akwatunan nan ƙarfen zubi ne, siriri kuma mai gautsi, kuma waldar lantarki ta yau da kullum takan ƙara masa sabuwar tsaga a gefen tsohuwar. Abin da ya fi dacewa shi ne liƙewa da tagulla ko dalmar azurfa, wadda ke narkewa tsakanin digiri 620 da 700 gwargwadon haɗinta, bayan an ɗumama akwatin gaba ɗaya, sannan a binne shi cikin busasshen yashi ko toka ya huce a hankali. Ƙaramin rami a ƙarshen tsagar yana hana ta ci gaba. Wani lokaci faci na siririn ƙarfe daga ciki da 'yan ƙananan ribit ya fi aminci, in akwai wurinsa.

A yi hattara da kayan da aka zuba da haɗin tutiya, waɗanda suka yawaita a ƙarni na 20. Launinsu toka-toka ne, maganaɗisu ba ya kama su, kuma suna narkewa ƙasa da digiri 400, wato kafin dalmar azurfa ta fara gudu sun zube. Irin waɗannan sai dai a ƙera sabo da tagulla.

Mabuɗin ya ɓace, ana iya yin wani?

Ana iya, tunda kubar tana hannu kuma a buɗe. A sami ɗanyen mabuɗi wanda jikinsa ya cika ramin ba tare da girgiɗi ba, ko a fiƙe jikin a inji a liƙa masa tuta, wato shimfiɗaɗɗen bakin da ake yi wa yanka, da dalmar azurfa. A rage tutar har ta shiga, a shafa mata baƙin hayaƙin kyandir, a murɗa a hankali, shingaye za su bar sawu inda ya kamata a yanka. A kuba mai liba, ana yanka matakin kowace liba ɗaya bayan ɗaya ana kallo, har tsagin dukansu ya yi layi ɗaya da turken sakata. Abin da aka rage ba ya dawowa, saboda haka shafa biyu ta magagari sai gwaji. Idan kubar ana buɗe ta ta ciki da waje, yankan mabuɗin yakan zama iri ɗaya daga kowane gefe.

Ba zai fi sauƙi a zuba sabon abu ta amfani da tsohon ba?

Ga kayan ado masu zane, kamar farantin mariƙi, zubi ne kaɗai hanya. Ga kayan aiki na ciki ba shi da riba, domin tagulla tana tsukewa da kimanin kashi 1.5 cikin ɗari idan ta huce, ga kuma cinyewar tsohon da za a kwafo. Na'urar da ke buga abu da roba tana da amfani wajen samfurin gwaji kawai.

Wane mai ake sawa bayan an gama?

Kaɗan ƙwarai. Ɗigon giris mara nauyi a inda cibiya ke juyawa da inda sakata ke zamewa ya isa. Tsakanin libobi kuwa garin girafayit, irin baƙin cikin fensir, ya fi, domin mai yana tara ƙura ya manne su da juna har sifirin ya kasa mayar da su. Kada a haɗa girafayit da mai a wuri ɗaya.

Waɗanne haɗura ne ke cikin aikin?

Kada a sa safar hannu ko riga mai faɗin hannu kusa da inji mai juyawa, kuma kada a bar mabuɗin bakin inji a jikinsa. Tagulla tana watsa ƙananan tsinke masu kaifi, don haka gilashin kare ido wajibi ne. Tsohuwar dalmar azurfa da ba a san asalinta ba tana iya ƙunsar kadmiyam, wanda hayaƙinsa ke kisa, kuma tagullar da ta yi zafi fiye da kima tana fitar da hayaƙin tutiya mai sa zazzaɓi. Duk aikin wuta a yi shi inda iska ke ratsawa, da murfin ƙarfe a kusa da man tsomawa domin kashe wuta idan ta kama.

Bayan gyara, za a iya dogara da ita a ƙofar waje?

Gyara yana mayar da kuba yadda take ne a zamaninta, ba ya ƙara mata tsaro. Mai shingaye tana buɗuwa da mabuɗin da aka fiƙe tutarsa ta zama siririya, mai liba ɗaya ko biyu ma ba ta fi ta da yawa ba. Ko manyan kubobin wancan lokaci an ci galabarsu, domin a 1851 a birnin Landan wani Ba'amurke mai suna Alfred Charles Hobbs ya buɗe ta Chubb da ta kamfanin Bramah ba da mabuɗansu ba. A Birtaniya ta yau kamfanonin inshora da yawa suna neman kuba mai liba biyar da ta cika ƙa'idar BS 3621 a ƙofar waje. Saboda haka tsohuwar kuba ta fi dacewa da ƙofofin ciki, in kuwa a ƙofar waje take, a bar ta tana riƙe ƙyaure a ƙara sakatar zamani a sama da ita, wadda ake iya buɗewa daga ciki ba tare da neman mabuɗi ba idan gobara ta tashi. Kafin a rufe ƙofar a karon farko, a gwada mabuɗi da mariƙi sau da yawa ta ɓangarorin biyu ƙyauren yana buɗe, sannan a daidaita farantin da sakata ke shiga a jikin madogara ta yadda za ta shige ba tare da an tura ƙofar da kafaɗa ba.